Ƙuduji da Tambayar da Ba Mu Son Biyan Kuɗinta

A gonar mahaifina akwai wani yanki ta gabas, kusa da tsohuwar kuka, da muke kira wurin wuta. Dawa takan tsiro a nan lafiya lau kamar ko'ina, ta yi kore shar, sai ta kai gwiwa ta tsaya cak. Ganye ya soma rawaya yana naɗewa kamar an yi fari, alhali ruwa bai tsallake kwana uku ba. Can tsakiyar damina sai furen nan mai ruwan hoda ya fito ya rufe kunyoyin, har mai wucewa a mota ya ɗauka lambu ne. Kafin ka ga furen, ƙuduji ya riga ya gama ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa. Mukan tuge shi da hannu, mu tara mu ƙone, baɗi ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Baba yakan ce ƙasar ce ta gaji, ya sa mu jibga takin shanu a wurin fiye da ko'ina. Gaskiya ya faɗa. Amma har Allah ya yi masa rasuwa ba wanda ya gaya masa abin da ya haɗa gajiyar ƙasa da wannan fure.

Abin da ya tuna mini da wurin wuta shi ne wata magana da nake yawan ji duk sanda aka zo batun kuɗin bincike. Na ji ta a bakin jami'an gwamnati, na ji ta a bakin masu ba da tallafi daga waje, har a majalisar manoma na ji ta. Ana cewa mu talakawa ne, ba mu da sararin zuba kuɗi a binciken da ba a san ranar amfaninsa ba. A bar wa masu ƙoshi su yi ta tonon yadda halittu suke, mu kuwa mu tsaya a kan abin da zai ƙara buhu a gona bana: irin da za a shuka, takin da za a zuba, maganin da za a fesa. Na farkon shi ake kira binciken tushe, na biyun binciken aiki.

Ban raina wannan magana ba. Wanda ya ga yara a asibitin masu tamowa ba zai yi saurin cewa a ba wani malami miliyoyi ya yi shekara goma yana leƙen saiwa ba. Amma ina ganin maganar ta yi kuskure, kuma kuskuren mai tsada ne. Ƙudujin nan shi ne shaidata.

Ƙwayar ƙuduji ƙanƙanuwa ce kamar ƙura. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubatarta, kuma tana iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara goma ba ta tsiro ba, ba ta mutu ba. Guzurin da ke cikinta ba ya wuce na 'yan kwanaki, don haka in ta tsiro babu saiwar da za ta maƙale wa a kusa, ta halaka. To ta yaya take sanin cewa dawa ko gero ko masara ta iso kusa da ita? A 1966 wasu masana a Amurka suka tace ruwan da ke fita daga saiwar auduga, suka ware wani sinadari da suka raɗa wa suna sitirigol. Ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya tayar da ƙwayar daga barci. Ashe saiwar ce da kanta take kiran maƙiyinta. Nan take wani abu da manoma suka daɗe da lura da shi ya sami bayani: auduga tana kiran ƙuduji ya tsiro, amma ba ya iya shan jininta, sai ya mutu a banza. Shi ya sa gonar da aka juya da auduga ko gyaɗa ko waken soya takan sami sauƙi.

Sai dai tambaya mafi wuya ta rage, kuma kusan shekara arba'in tana nan a buɗe. Me zai sa tsiro ya yi ta fitar da abin da ke jawo masa ajali? A 2005 wasu masu bincike a Japan, waɗanda ba ƙuduji ne a gabansu ba, suka gano amsar. A cikin ƙasa akwai wasu halittu dangin funfuna masu siraran zare, da ke shiga saiwa su yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ita: su jawo mata sinadarin fosfaras daga nesa, ita kuma ta ba su sukari. Wannan sinadari da saiwa ke fitarwa, su take kira da shi. Ƙuduji mai laɓe ne kawai, ya koyi jin kiran da ba nasa ba. Bayan haka aka nuna cewa duk sanda fosfaras ya yi ƙaranci a ƙasa, saiwa takan ƙara yawan sinadarin, kamar mai yunwa da ke ɗaga murya. Ranar da na fahimci wannan na daɗe ina tunanin Baba. Dawar wurin wuta ihu take yi tana neman taimako, ƙuduji ne ya fi kowa saurin amsawa. Takin shanun da muke jibgawa yana rage mata yunwa, sai ta sassauta murya. Wanda ya san haka ya san dalilin da ɗan takin sufa, mai ɗauke da fosfaras, a ramin shuka yake rage ƙuduji, ya kuma san cewa tuge fure kaɗai ba zai taɓa ƙarar da shi ba.

A 2008 kuma wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Japan, suka gano cewa wannan dangin sinadari shi ne ke ƙayyade yawan rassan da tsiro yake yi. Wato ba abu ne da za a toshe shi gaba ɗaya a zauna lafiya ba. Sai dabara. Dabarar ta fito daga aikin Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya taɓa aikin dawa a Sudan kafin ya zauna a Jami'ar Purdue ta Amurka. Shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna tantance nau'o'in dawar da ba sa tayar da ƙuduji sosai, suka fitar da iri masu juriya aka raba a ƙasashen Afirka da dama, abin da ya sa aka ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2009. Sai a 2017 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke yin aikin: dawar ba ta daina kira ba, murya ta sauya, tana fitar da wani nau'in sinadarin da abokan zamanta ke ji amma bai cika tayar da ƙuduji ba.

Daga 1966 zuwa 2017 shekara 51 ke nan. A nuna mini ofishin da zai amince da takardar neman tallafi da ta ce a ba ni kuɗi in duba yadda saiwa ke magana da funfuna, wataƙila jikokinmu su amfana. Tallafin da cibiyoyinmu suka saba samu na shekara uku ne zuwa biyar, kuma tun shekarar farko ake tambayar manoma nawa aka kai wa.

Masara ma haka. A ƙarshen shekarun 1970 wani ɗalibin ilimin tsirrai ya ci karo da wata ciyawa a duwatsun jihar Halisko ta Meziko, 'yar uwar masara ce ta daji da ba a san da ita a littafi ba. Ba abinci yake nema ba, sunayen tsirrai yake tattarawa. Bayan shekaru masu kyautata iri a IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, suka gano tana da juriyar ƙuduji, suka yi ta barbararta da masarar gida har suka ja juriyar zuwa cikin irin da za a iya nomawa. Waken nan SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, wanda tsutsar fure da kwanso ba ta iya ci, asalinsa ya koma 1901, sanda wani masani a Japan yake neman abin da ke kashe tsutsar siliki, ya gano ƙwayar cutar da daga jikinta aka ɗauko kariyar waken. Hanyar da aka bi aka sa masa kariyar kuwa ta fito ne daga masu son sanin abin da ke sa wasu itatuwa yin ƙululu a gindi. Mutum na iya samun ra'ayinsa a kan irin da aka sauya wa halitta, muhawara ce da ta cancanci a yi ta da ilimi. Amma manomin da ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu yana cin moriyar tambayoyin da a ranar da aka yi su ba wanda ya ambaci wake.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai ka ƙara tabbatar da maganarmu: Amurka, Japan, Faransa, Meziko, duk a waje aka yi tonon, mu muka ɗauko. Me zai hana a ci gaba a haka?

A tambayi abin da ya sa Amurka ta damu da ƙuduji tun farko. A 1956 aka same shi a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu, hankalinsu ya tashi, suka zuba kuɗi. Suka gano iskar etilin, wadda ke nunar da 'ya'yan itace, ita ma tana tayar da ƙwayar, suka yi ta ɗura ta cikin ƙasa da injina, ƙwayoyin suna tsirowa suna mutuwa, har suka kusa kawar da shi. Ɗakinsu ne ya yi yoyo suka gyara. Kuma nasu wani nau'i ne dabam, mai jan fure, wanda ke yi wa kansa barbara. Namu mai ruwan hoda sai ƙwari sun kai masa ƙurar fure daga wani tsiron, don haka kowace gona cike take da ƙwayoyi masu bambancin hali, kuma irin da ya jure a wannan gari yana iya faɗuwa a wancan. A wake, wanda ke da nasa nau'in ƙudujin dabam, an ga irin wannan faɗuwa ƙarara. Wani wake daga Botswana da ake kira B301 shi ne tushen juriyar da aka yi amfani da ita a tashar IITA ta Kano, har aka samu iri irin su SAMPEA 10. Amma a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin an samu ƙudujin waken da ke cinye B301 ɗin. Wane nau'i ne a Daura, wane ne a Tasawa, yaya suke sauyawa daga shekara zuwa shekara? Ba wanda zai taso daga Osaka ta Japan ya zauna mana a kan wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gero ya fi ban tausayi. Shi ne abincin miliyoyin mutane daga Sakkwato zuwa Damagaram, amma ba ya cikin kasuwar manyan ƙasashe, don haka abin da aka sani game da cikinsa bai kai kusa da na masara ko alkama ba. Yadda yake rayuwa a jigawa mai zafin da zai kashe masara cikin kwana kaɗan, wannan sirri ne da duniya mai ɗumama za ta zo nema wata rana, kuma a ƙofar gidanmu yake. A Kenya akwai Farfesa Steven Runo na Jami'ar Kenyatta da ke tonon ƙuduji tun daga ƙwayoyin gado, yana neman juriya a cikin dawar daji ta Afirka. Abin da ya yiwu a Nairobi ban ga abin da zai hana shi a Zariya ko Maraɗi ba. Kuma ko ɗaukowar da ake magana, ba kowa ke iya ta ba. Da babu masana irin su Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru da suka fahimci abin tun daga tushe, da ba mai karɓar waken nan ya daidaita shi da ƙasarmu, ba kuma mai iya cewa a'a in an kawo mana abin da bai dace ba.

A fannin muhalli kuwa kuskuren tushe yana faɗawa a kan mutane kai tsaye. Bayan farin shekarun 1970, bayanin da ya yi tashe shi ne cewa mutanen Sahel su suka jawo wa kansu: makiyaya sun ƙarar da ciyawa, manoma sun sare itace, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana, sai hadari ya daina haɗuwa. Wani babban masanin yanayi, Jule Charney, ya ba wannan tunani ƙarfi a 1975. An gina manufofi da yawa a kan zargin talaka. Sai a 1986 masana a Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da sauyin ɗumin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa ɗumin teku kaɗai ya isa ya bayyana kaso mai yawa na hawa da saukar daminarmu a ƙarnin da ya wuce. Ban ce sare itace ba ya cutarwa ba. Amma Bafulatanin da aka ɗora wa laifin fari bai isa ya ɗumama tekun Indiya ba. Abin da ya ba da damar wanke shi kuwa shi ne alkaluman da ƙananan ma'aikata suka yi shekara da shekaru suna rubutawa kowace safiya daga ma'aunin ruwan sama a Kano, Zinder, Yamai da sauran tashoshi. Aiki ne da ba shi da wani armashi, ba ya ƙara buhu ko ɗaya a shekarar da aka yi shi.

Ba koyaushe ne ilimi ke gaba aiki na biye ba, dole in faɗi wannan. A Maraɗi, tun daga 1983, manoma da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka koma renon tohon kututturen da ke cikin gona maimakon dashen da ke ta mutuwa. Wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, sai bayan kusan shekara ashirin masu bincike suka duba hotunan sama suka ga wajen hekta miliyan 5 sun koma da itatuwa a Nijar. Buhun nan mai ninki uku na ajiye wake, da aka soma gwadawa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, ya daɗe yana aiki kafin a fahimci cewa rashin iska yana hana ƙwaron samar da ruwan jikinsa, ƙishi ne ke ƙarasa shi. A irin wannan, manomi ne ke miƙa wa masani tambaya. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kowane yaron ƙauye ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Ga tambayar tushe nan a tsaye a tsakiyar gona tana jiran mai ɗauka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya fi cin kuɗi da lokaci a jami'o'inmu ba binciken tushe ba ne, ba kuma na aiki ba ne. Wani abu ne na uku: takardar neman ƙarin girma. A raba wa manoma ɗari takardar tambayoyi, a ƙirga shekarunsu da yawan iyalinsu, a kammala da cewa suna buƙatar bashi da malaman gona. Ko a maimaita gwajin taki da aka yi sau hamsin, a sauya sunan ƙaramar hukuma kawai. Wannan bai buɗe wani sirri ba, bai kuma warware wa kowa matsala ba. Na san malamai masu basira da suka koma yin haka ba da son ransu ba. Wata 'yar uwata ta yi shekara biyu tana tattara samfurin saiwa don digirinta na uku, wutar lantarki ta ɗauke na kwanaki, babu man janareto, abin da ke cikin firiza ya lalace kaf. Ta share hawaye ta koma raba takardun tambayoyi, don su ba sa narkewa. Idan manomi ya ce bai ga abin da jami'a ta tsinana masa ba, wannan na ukun yake gani, sai a ɗora laifin a kan binciken tushe da ba a ma yi shi ba.

Ba rabon raba-daidai nake nema ba. A halin da muke ciki mafi yawan kuɗin ya kamata ya tafi ga abin da zai isa gona da wuri, ga malaman gona, ga samar da iri mai kyau, ban da ja a kan haka. Abin da nake nema shi ne a keɓe wani kaso, ko da ƙarami ne, a sa masa katanga yadda ba za a taɓa shi ba duk sanda aka shiga matsi, kamar yadda magidanci mai hankali ba ya taɓa damin iri komai tsananin bazara. A ba da shi na shekara goma, a wurare kaɗan da za a tabbatar musu da wuta da kayan aiki, maimakon a yayyafa shi ga kowa har ya zama ba komai. Tambayoyin su taso daga ƙasarmu, daga ƙuduji da gero da gawo da tafkin Chadi, amma a ƙyale mai bincike ya bi su zuwa inda suka nufa, ko da sun kai shi inda ba buhu a gani. Ƙasashen Afirka sun amince a Khartum a 2006 cewa kowacce za ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan bincike. Najeriya ba ta ko kusanci haka ba, don haka faɗan da ake yi tsakanin tushe da aiki faɗa ne a kan ɗan abin da ya rage a ƙasan tukunya.

Cikin wannan kaso har da ayyukan da ba a yanka musu kintinkiri: rumbun adana tsofaffin iri, ma'aunin ruwan sama, da masanan da aikinsu shi ne gane ƙwaro da sunansa. Tsutsar tumatir da ta share gonakin Kano da Kaduna a 2016, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta shiga Sifen tun 2006 daga Kudancin Amurka, ta ratso Arewacin Afirka a bainar jama'a. Shekara goma tana tahowa. Da akwai masu zaman sa ido da aka riƙe da albashi da tarko da madubin bincike, da ba ta same mu muna ta ƙara ƙarfin feshin da ba ya kama ta ba.

A Samaru, inda aka soma binciken noma tun 1922, an kafa wani filin gwaji a 1950 don ganin abin da takin shanu da takin zamani ke yi wa ƙasa in aka daɗe ana zuba su, su kaɗai ko a haɗe. An kwaikwayi na Rothamsted a Ingila, wanda aka fara a 1843 kuma har yau ana noma shi. Waɗanda suka auna filin Samaru suka kafa turaku sun san ba su ne za su karanta ƙarshen amsar ba. Daga irin wannan fili ne aka tabbatar cewa takin zamani tsura, in aka daɗe ana zuba shi a ƙasarmu ba tare da na gargajiya ba, yana sa ta tsami, amfani ya yi ta raguwa. Gwajin shekara uku ba ya iya ganin haka, domin a shekara ukun farko amfani ƙaruwa yake yi.

Ƙanena ne ke noma gonar Baba yanzu. Yana juya wurin wuta da waken soya, yana sa ɗan sufa a rami, kuma furen ya ragu ƙwarai. Amma bara da na je na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Kunyoyi biyu a jere, iri ɗaya, taki ɗaya, ɗaya ƙuduji ya cinye ta, ɗayar da ke bin tsohon gurbin gara ko tsiro ɗaya babu. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma shekara uku ke nan yana lura da haka, kuma ya rasa wanda zai tambaya.